Hannun da Lamba Ta Ƙi Kamawa

A garinmu Santa Ines na bakin tafki, duk wanda aka haifa bayan shekarar babbar agana yana yawo da aikin Hilarion Magsino a damtsensa na hagu. Shi ne mai yi wa gari lamba, shekara talatin da 'yan kai. Aikin a faɗe ba wuya: a tsaga fatar yaro kaɗan da 'yar aska, a shafa ruwan ƙurjin da aka ɗebo daga hannun yaron da aka yi wa makon jiya, a jira. In ta kama, kwana takwas ƙurji ya nuna, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi ya bar tabo zagayayye, agana kuma ta tsallake wannan yaro. In ba ta kama ba, wurin ya warke cikin kwana uku kamar ƙaya ce ta karce shi. Wahalar ita ce ruwan ba ya ajiyuwa a zafin ƙasarmu. Dole kowane mako a samu hannu ɗaya a gari da ƙurjinsa ya nuna, don haka rabin rayuwar Hilarion ta ƙare wajen lallashin iyaye mata, su kuma suna ɓoye masa 'ya'ya a bayan buhunan shinkafa.

Matsoraci ne, kuma da ƙauna nake faɗa, don ni ma aikinsa ne a damtsena. In kare ya yi haushi a wancan gefen gari, Hilarion zai canza hanya a wannan gefen. Akwai ranar da ya tarar da ɓaunar noma kwance a hanyar kasuwa tana tuƙa abinta, ko kallo bai ishe ta ba, amma sai ya gangara cikin fadamar shinkafa ya zagaye ta, ya iso kasuwa da taɓo har ƙugu, akwatin askarsa a ka. Tun ranar masunta suka laƙaba masa Janar. In ya zo wucewa sai su miƙe su sara masa, su tambaye shi yau wane gari aka ci, shi kuwa ya yi murmushi ya ƙara sauri. A gaban Fada limamin coci, ko wani Kastila, wato Baturen Sifaniya, hularsa takan riga bakinsa gaisuwa, muryarsa ta koma ta yaro. Abu ɗaya ne a jikinsa da bai san tsoro ba, hannunsa na dama in ya riƙe aska.

Tsoron ne ma ya kai shi ga sana'ar. Yana sabon magidanci, yana rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar coci, agana ta shigo ta ɗauke masa 'ya'ya biyu cikin mako guda. Da hukuma ta nemi wanda ya iya karatu a tura shi birnin lardi ya koyi lamba, shi ya fara miƙa kansa, ko da yake tafiyar ta kwalekwale ce kuma bai iya iyo ba. Bayan ya dawo matarsa Perpetuwa ta haifi Anselmo, daga shi ba su ƙara ba. Yaron yana wata huɗu uban ya yi masa lamba. Sau ɗaya ake yi wa 'ya'yan mutane, mai tsantseni ya maimaita in yaro ya girma. Hilarion dai da ya ji ƙishin-ƙishin agana, ko a wane lardi ne, sai ya dubi ɗansa ya jawo akwati. Ya yi masa yana shekara bakwai, ya yi yana sha biyu, ya yi yana sha bakwai, na biyar kuma ana saura kwana goma bikinsa da Marsela, wai don baƙi za su zo daga nesa. Perpetuwa ta ce ya mai da damtsen yaro rariya. Anselmo, wanda ya tashi ƙato, mai sassaƙa jiragen ruwa a wajen wani dattijo Telesforo, dariya kawai yake yi ya naɗe hannun riga ya ce, "Ga shi, Baba, in dai zai sa ka yi barci."

Kastila sun shekara ɗari uku da ɗoriya a kanmu, har mutane sun ɗauka haka Allah ya halicci duniya. Amma zuwa daminar 1896 kowa ya ga tsufa ya kama mulkin. Sojojin da jirgi ke saukewa yara ne ramammu, zazzaɓi na kayar da su kafin su koyi sunan garin da aka kai su, ana kuma cewa a wani tsibirinsu mai rake can bayan teku ma wuta ta tashi. Haraji bai ragu ba, aikin tilas bai ragu ba, duka ne ma ya ƙaru. A watan Agusta asiri ya tonu a Manila cewa akwai ƙungiyar ɓoye ta masu neman korar Kastila, kuma duk wanda ya shiga sai ya tsaga hannunsa na hagu, ƙasa da gwiwar hannu, ya rattaba sunansa a takardar rantsuwa da jininsa. Daga nan hukuma ta huta da wahalar bincike. 'Yan sanda suka fara bin garuruwan bakin tafki ɗaya bayan ɗaya, a tara maza a fili, a ce kowa ya naɗe hannun riga.

Hilarion yana jin labarin yana gode wa Allah da ya yi shi matsoraci, don ba wanda zai yi gangancin gayyatar irinsa ƙungiya. Sai ga shi wata Talata da hantsi, ana yayyafi, Telesforo ya aiko a kira shi wai wani ma'aikacinsa ya sare ƙafa. Ya je ya tarar ba wanda ya sare komai. Telesforo kakkauran mutum ne da maganarsa ba ta wuce biyu. Ya ja shi ƙarƙashin wani jirgi da aka kifa ana toshe masa ɓula, ya gaya masa cewa jiya a garin Dalig an fitar da mutum bakwai daga layi an harbe su a bayan kasuwa. Uku daga cikinsu sun ƙona wurin da garwashi don su ɓatar da tabon, su aka fara fitarwa. Garuruwa huɗu ne tsakanin Dalig da Santa Ines, wato mako biyu in an yi sa'a. A Santa Ines kuma mutum ashirin ne ke da tsagar. Ya tambaye shi ko a sana'arsa akwai abin da ke share tabo.

Hilarion ya girgiza kai. Ya ce babu, ya ce shi bai ji komai ba, bai ma zo nan ba, ya fara ja da baya da gwiwa yana laluben hanyar fita. Telesforo bai riƙe shi ba, ya dai leƙa waje ya yi kira. Anselmo ya sunkuyo ya shigo, ya durƙusa a gaban ubansa, ya naɗe hannun riga, idonsa a ƙasa.

Tsaga ce miƙaƙƙiya, tsawon gaɓar yatsa, ta warke ta yi fari. Hilarion ya kama hannun da hannayensa biyu. Ya so ya yi faɗa, ya so ya tambaye shi ko ya manta yana da jaririya 'yar wata biyar, amma idon sana'a ya riga bakinsa. Ya auna tsagar da babban yatsa, ya ga in aka yi lamba biyu dab da juna a kanta, ƙurji zai cinye ta, ɓawo ya rufe, in ya faɗi kuma tabon da zai bari ba mai cewa akwai wani abu a ƙasansa. Bai san a fili yake maganar ba sai da ya ji Telesforo ya ce, "Yaushe za ka fara?"

Hannu ɗaya ne ya nuna a gari a makon, na jaririyar Anselmo, wadda kakanta ya yi wa a wuri uku saboda halinsa. Hilarion ya je wajen mai gari da wajen Fada, gwiwoyinsa na haɗuwa, ya ce ya ji agana ta ɓulla a ƙauyukan tudu, kuma wannan karon manya take kamawa. Rawar jikinsa ce ta sa suka yarda, don kowa ya san yadda yake komawa in an ambaci agana. Washegari aka yi shela, maza suka yi layi a ƙarƙashin gidansa, tsakanin dirkokin da ke ɗauke da shi a sama. Don kada ashirin ɗin su fita daban, ya haɗa da wasu goma sha biyu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, har da mai kaɗa ƙararrawar coci, duk ya yi musu a wuri ɗaya, ƙasa da gwiwar hannu. Wanda ya tambayi dalili ya ce masa sabon tsari ne daga Manila. Wani masunci cikin waɗanda ba su san komai ba ya riƙa tsokanarsa, wai yau Janar ya samu ranar zubar da jini, a yi hattara kada ya suma a kan jama'a. 'Yan kaɗan ne suka taya shi dariya, har ya yi mamakin abin da ya samu mutane.

Marsela ce ta riƙe jaririyar tana tsala kuka ana ɗibar ruwan ƙurjinta. Yarinya ce mai shiru, 'yar gidan masaƙa, amma ba wawiya ba ce. Ta ga tsaga a hannu na farko, ta ga irinta a na uku, da layi ya zo kan mijinta ta ga tasa. Ta ƙara matse 'yarta a ƙirji ta kawar da kai.

Kwanakin da suka biyo baya gari ya koma wani iri. Maƙwabta suka rage gaisuwa, don ba wanda ya san wanda ke kai rahoto. Aka daina kiɗa, aka daina caca da zakaru, in doki ya shigo gari da gudu sai ka ji ana rurrufe tagogi. Hilarion kuwa bai zauna ba. Daga rana ta huɗu ya shiga zagaya gidaje yana duba aikinsa. Na Telesforo ya yi ja ya tasa. Na wasu masunta uku 'yan gida ɗaya ya kama har da zazzaɓi. Wasu nasu ya fito ƙanana, don an taɓa yi musu suna yara, amma shekaru sun yi nisa, kuma ya isa ya rufe abin da ake so ya rufe. Ya ƙirga goma sha tara. A gida kuwa hannun Anselmo ya warke tas, 'yan karce-karcen askar sun bushe sun kakkaɓe, tsagar tana nan fara sol.

Ya san dalili tun kafin ya yarda ya sani. Jikin da aka yi wa lamba sau biyar, na ƙarshe shekara biyu kacal da suka wuce, ba abin da zai kama shi. Duk da haka a rana ta takwas ya ɗebo daga hannun Telesforo ya sake gwadawa, bai kuma yarda ya zurfafa askar ba don kada ya bar sabon rauni. Ba ta kama ba. Perpetuwa ma ta san dalilin, ba ta kuwa faɗa ba, ta dai riƙa ajiye masa abinci ta koma gefe. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci labari ya zo cewa 'yan sanda sun gama da garin da ke maƙwabtaka da mu. Da la'asar suna zaune su huɗu, shinkafa da busasshen kifi a gabansu ba mai ci, Hilarion ya roƙi ɗansa ya hau dutse wajen masu tawaye tun hanya na buɗe. Anselmo ya ce da littafin coci ake kiran suna, wanda ba ya nan a ƙone gidansa a tafi da matarsa, haka aka yi a Dalig. Kuma in aka wayi gari ɗan mai lamba ne kaɗai ya gudu, mako biyu bayan ubansa ya yi wa mutum talatin lamba a wurin da ba a saba ba, ko ɓauna ce hafsan 'yan sandan sai ya sa an kankare ɓawo ɗaya ya gani. Perpetuwa ta fara kawo zancen garwashi, ta tuna da mutum ukun nan, ta yi shiru da kanta.

"Ƙila ma ba za su duba sosai ba," in ji Anselmo. "Kastila sun fi ka tsoron ƙurji, Baba, in ka yarda akwai wanda ya fi ka." Shi kaɗai ya yi dariyar.

Da safe a hanyar fili Telesforo ya jera da Hilarion 'yan taku, yana kallon gabansa, ya ce in aka ga tsaga a sarari kuma aka ji mai lamba ya kira ta lamba, to duk sauran ɓawon sun zama abin zargi. Bai ƙara ba. Hilarion ya yi kamar bai ji ba, kuma a gaskiya rabin maganar ce ta shiga kunnensa, don ya riga ya hango kakin 'yan sanda a ƙofar coci.

An ajiye tebur a gindin mangwaron fili. Hafsan yaro ne, bai girmi Anselmo ba, zazzaɓi ya mai da idonsa rawaya, yana toshe da hanci da hankici tun da aka gaya masa ana zancen agana a garin. Ya zare ƙaramar bindigarsa ya ɗora a kan tebur. Sajansa, wani mutumin arewa da ya iya yarenmu, shi ke kiran suna daga littafi yana fassara. Mata da yara an tsare su a bayan igiya ta wajen rijiya.

Da mutum na uku ya naɗe riga aka ga ɓawo daidai wurin da ake nema, hafsan ya sa aka kawo mai lamba. Ya tambaye shi me ya sa nan, ba damtse ba. Hilarion ya ce, ranka ya daɗe, damtsen manya da tsohon tabo, ba ta kamawa kusa da shi. Ƙarya ce, haƙoransa na kaɗawa ya faɗe ta, amma hafsan ya saba ganin mutane na rawar jiki a gabansa. Ya sa aka kira mai ƙararrawa, wanda Fada da kansa ya tsaya masa, aka ga shi ma nan aka yi masa. Sai ya ce Hilarion ya tsaya a gefen tebur, duk hannun da ya zo ya faɗi abin da ke kansa.

Haka aka yi ta yi. Lamba ce, ranka ya daɗe. Wannan lauje ne, ranka ya daɗe, tun yana yaro. Wannan ƙugiyar kifi ce. Lamba ce. Hafsan ba ya matsowa, daga nesa yake leƙe ta saman hankici, amma fuskarsa na ƙara ɗaurewa, don mutum sittin sun wuce bai samu ko ɗaya ba, alhali a kowane gari yakan samu. Ya fara juya bindigar a kan tebur da yatsa ɗaya. Telesforo da wasu goma sha ɗaya cikin masu rantsuwar suna can baya ba a zo kansu ba, sa'ad da saja ya kira Magsino, Anselmo.

Anselmo ya taho a natse ya miƙa hannu. Rana ta buɗe sosai a lokacin, ba inda tsagar za ta ɓuya. Hafsan ya sauke hankicin. Ya dubi hannun, ya dubi Hilarion, ya ɗora tafinsa a kan bindigar ya yi tambaya, saja ya fassara.

"Wannan fa? Ita ma lambarka ce?"

Fili ya yi tsit har Hilarion yana jin kukan jikarsa daga wajen rijiya. Hannun nan ya san shi tun bai fi kaurin yatsunsa biyu ba. Hafsan ya ɗaga bindigar daga kan tebur, ya maimaita tambayar da kansa da ɗan yarenmu da ya tsinta.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Hilarion. "Wannan ba aikina ba ne. Yankan wuƙa ne."

Daga bayan igiya aka ji ƙara guda ɗaya, ta Perpetuwa. 'Yan sanda biyu suka murɗe hannayen Anselmo baya suka ɗaure shi a jikin mangwaron. Saja ya sunkuya ya raɗa wa hafsan wani abu yana nuna littafi. Hafsan ya juyo ya daɗe yana kallon Hilarion, sannan ya tambaya ko gaskiya ne ɗansa ne. Ya ce ɗansa ne. Ko yana da wani? Ba shi da wani. Daga nan hafsan ya mai da bindigar ƙugunsa, sauran hannayen kuma ko leƙa su bai ƙara yi ba. In Hilarion ya ce lamba ce, sai ya ɗaga yatsa a wuce. Telesforo ya wuce, duk sha taran suka wuce.

Kafin su tashi hafsan ya cire rigarsa ya ce shi ma a yi masa, tunda yau ya samu mutum mai gaskiya. Aka kawo jaririn da ƙurjinsa ya nuna a makon. Hilarion ya buɗe akwati, taku biyar daga inda ɗansa ke ɗaure, ya yi wa Baturen lamba mai kyau, tsaga uku a jere, ko ɗigon jini bai wuce ƙa'ida ba. Da yamma aka saka Anselmo a jirgin hayaƙi. Marsela kaɗai aka bari ta matsa ta miƙa masa ƙunshin riguna da shinkafa a ganyen ayaba. Hilarion bai je bakin ruwa ba. Ya zauna a ƙarƙashin gida har ya ji jirgin ya yi kuka ya tashi.

An tsare Anselmo wata biyu a kurkuku a Manila, sannan aka loda su a jirgi zuwa wani tsibirin Kastila da ke gaɓar Afirka, Fanando Po. Ba a cika shekara biyu ba mulkin da ya kai shi can ya rushe. Mutanenmu suka yi wa 'yan sanda ƙawanya a cikin cocin Santa Ines kwana tara har suka miƙa bindigogi, Telesforo ne a gaba. Aka ɗaga tuta, aka yi kiɗa, kafin a gama murna Amurkawa suka zo da nasu yaƙin, samari suka sake komawa dutse. 'Yan kaɗan daga waɗanda aka kai tsibirin ne suka dawo. Ɗaya daga cikinsu, mutumin Dalig, ya aiko da saƙo cewa zazzaɓi ya kashe Anselmo a daminarsa ta farko a can.

Gari kuwa ya ɗauki Hilarion ya ɗora a ka. Bayan tafiyar Kastila labarin ya fito fili, aka riƙa ba da shi a wajen bukukuwa, mutumin da ya ba da ɗansa tilo ya fanshi goma sha tara. Kifin farko na kowace safiya a ƙofarsa ake ajiye shi. Iyaye matan da ke ɓoye masa 'ya'ya suka koma kawo su da kansu. Ni ma na sha sumbatar hannunsa a hanya ina alfahari, ban taɓa lura da yadda yake saurin janye shi ba. Perpetuwa ta rasu shekara uku bayan saƙon, har ta tafi ba ta ɗaga masa maganar ba. Marsela ta ƙi sake aure, ta zauna a gidan tana saƙa tana rainon 'yarta tana dafa wa surukinta. Ba ta taɓa fasa gaishe shi ba, ba ta taɓa barin rigarsa da datti ba, ba ta kuma zama inda yake zaune sai dole.

Likitocin Amurkawa suka zo da ruwan lamba a 'yan kwalabe, aka ce tsoho ya huta. Shekara goma sha ɗaya bayan ranar filin nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Abin da ya biyo baya Marsela ce ta ba ni da bakinta bayan ita ma ta tsufa. Wata rana da hantsi tana zaune a bakin tagar ɗakin tana tsince tsakuwa a faifan shinkafa, don nan ne haske ya fi, sai ya kira sunanta. Ya ce akwai abin da yake so ya faɗa kafin Fada ya zo, kuma ya fi jin tsoron faɗa mata a kan faɗa wa Fada, shi ya sa ita ta kamata ta ji.

"Mutane na cewa na tuna da sha tara," ya ce. "Ban tuna da kowa ba, 'yata. Ko Telesforo ban tuna ba. Bindigar nan na gani ta ɗago, bakina ya faɗa. Da ba kowa a bayansa a layin, abin da zan faɗa ke nan."

Marsela ta daina tsintar.

"Baba, ranar a bakin ruwa ya ba ni saƙo gare ka. Ya ce, ki gaya wa Baba na ga inda idonsa yake, na san bindigar yake kallo. Ki ce masa ba komai. Ki ce masa da ya ƙara jinkiri kaɗan da ni zan faɗa, har na buɗe baki ya riga ni."

Hilarion ya yunƙura zai tashi zaune, ya kasa. Ya tambaye ta, tun ranar? Ta ce tun ranar. Ta ce kullum takan tashi da niyyar yau za ta faɗa, sai ta buɗe ƙofa ta ga kifin nan, sai zuciyarta ta ƙi. Ba ta nemi gafara ba, shi ma bai nuna akwai abin da za a nema ba. Ya dai ce ta matso. Ta ajiye faifan ta zo ta zauna a bakin tabarmarsa.

"Sake faɗa," ya ce. "Yadda ya faɗa, kada ki rage komai."

Ta sake faɗa. Sau huɗu ya sa ta maimaita, a na huɗun ita ce ta kasa kai ƙarshe.